Daga Likkafa Zuwa Gwarinpa: Tarihin Takalmi Mai Tsini

Kowane zamani da irin yayinsa, kuma babu abin da yayi ya fi saurin taɓawa kamar suturar mata. Atamfar da aka yi rububinta bara, bana sai a ga an mai da ita zanen shiga madafa. Ɗaurin kallabin da ya tashi kan 'yan mata shekaru kaɗan da suka wuce, yau in wata ta yi shi sai a ce daga ƙauye ta zo. Daga cikin kayan adon da ake ta ja-in-ja a kansu a 'yan shekarun nan akwai takalmin nan mai doguwar dunduniya, wanda muke kira mai tsini, wasu kuma su ce ƙwas-ƙwas saboda ƙarar da yake yi a kan daɓe. Wasu na cewa yayinsa ya wuce, hujjarsu kuwa ita ce mutum zai tsaya a bakin titi a unguwa irin Gwarinpa ta Abuja da safe, lokacin fita aiki, ya daɗe bai ga mace ɗaya a kansa ba. Wasu kuma su ce ko kusa, a je zauren biki ranar Asabar a gani. Mu a namu ganin dukkansu sun faɗi gaskiya, kuma ba za a gane yadda maganganun biyu suka zama gaskiya a lokaci guda ba sai an koma an bi sawun takalmin tun daga inda ya taso. Abin da tarihinsa yake nunawa shi ne, tun asali ba don tafiyar ƙasa aka yi shi ba, saboda haka rayuwarsa a kowane gari tana rataye ne a wuyan abin hawa da kuma irin wurin da za a taka.

Abin da zai iya ba mai karatu mamaki shi ne, maza ne suka fara sa takalmi mai dunduniya, kuma mazan ma mayaƙa. Tun wajen ƙarni na 10 mahayan dawakin ƙasar Farisa suna sa shi, domin dunduniyar ta maƙale a jikin likkafa, ta yadda barde zai iya miƙewa tsaye a kan doki yana sukuwa, ya ɗana kibiya ya harba ba tare da ƙafarsa ta zame ba. A shekarar 1599 Sarkin Farisa, Shah Abbas, ya aika da jakadu zuwa fadojin Turai yana neman abokan ƙawance a kan Daular Usmaniyya, kuma masana tarihin sutura da dama suna ganin daga wannan lokaci ne sha'awar kayan Farisa ta kama 'ya'yan sarautar Turai har suka ɗauki takalmin. Da ya shiga hannunsu sai ya bar aikinsa na farko ya kama wani. Suka yi ta ƙara masa tsawo, don kuwa duk wanda ya ga mutum a kan irin wannan takalmi ya san ba ya noma, ba ya dako, ba ya kuma ratsa taɓon kasuwa da ƙafa. Wahalar tafiya da shi ita ce ta zama abin taƙama.

Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda ya yi sarauta daga 1643 zuwa 1715, shi ne ya kai abin maƙura. Takalmansa masu jar dunduniya ne, kamar yadda ake gani a shahararren zanen da aka yi masa a 1701, kuma a zamaninsa jar dunduniya ta zama alamar wanda yake da izinin zama a fada. Mata daga wurin maza suka ara, a cikin ƙarni na 17. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 maza sun sakar musu shi, bisa tunanin da ya yaɗu a lokacin cewa namiji mai hankali ba ya ɓata lokacinsa a kan ƙyale-ƙyale. Sa'an nan juyin juya halin Faransa na 1789 ya zo ya sa duk abin da ke da ƙamshin sarauta ya zama abin gudu, matan ma suka sauko suka koma ga takalma marasa tudu har fiye da shekara 50. Sai wajen 1860 ya sake ɗagowa. Ya kamata mu riƙe wannan, domin mai gaggawar yi wa takalmi mai tsini jana'iza a yau ya san cewa an taɓa binne shi sau ɗaya ya tashi.

To, a nan wata tambaya za ta iya tasowa. Mu ma ai mahaya ne. Da dawaki aka kafa daulolinmu, da su kuma aka tsare su. Me ya hana dukawanmu su ƙago irin wannan dunduniya? Muna jin amsar tana ga likkafarmu. Duk wanda ya kalli hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga irin likkafar da hakimai ke zura ƙafa a ciki: faffaɗa ce, tana ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya, babu inda ƙafa za ta zame ta tafi. Saboda haka kurfan mahayinmu ba su buƙaci abin maƙalawa ba. Sarautarmu ta nemi ɗaukakarta ta wata hanyar. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya fara, tare da kakaki da figini, kuma har yau yana cikin kayan sarautar Kano. Wannan ma, in an lura, takalmi ne da ba a shiga gona ko kasuwa da shi, gashin jimina bai san taɓo ba. Manufar ɗaya ce da ta Luwi, sai dai shi ya nemi tsawo, namu sarkin ya nemi laushi.

Ba kuma za a ce rashin gwaninta ne ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar bayan tufafi babu abin da birnin ke yi yana fitarwa nesa kamar takalma. Ya ƙiyasta cinikinsu na shekara ya kai wuri miliyan 10, a lokacin da na tufafi ya kai miliyan 300, ya kuma ce mafi kyawunsu, wanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsa. Har takalman da Larabawa mazauna Kano suke ɗinkawa da fatar ƙasar nan ana kai su Afirka ta Arewa da yawa. Duk waɗannan shimfiɗaɗɗu ne. Abu mai tudu da muka gada shi ne dangarafai, wato takalman icce masu raba ƙafa da caɓi da damina. Irinsu ne matan birnin Venis na Italiya suka yi ta ƙara wa tsawo a ƙarni na 16, har wasu suka kai kamu guda, sai kuyanga ta riƙe uwargijiyarta kafin ta iya takawa. Namu dangarafan dai sun fi zama maganin taɓo a kan kayan ado.

Adon ƙafar Bahaushiya kuwa a jikin ƙafar yake: lalle, da munduwa, da dunduniya mai santsi wadda aka goge da dutse aka shafe da mai. Kaushi da faso su ne tambarin macen da ke zuwa rafi da daji da gona, shi ya sa har gobe idan ana son a yi wa mace gorin ƙauyanci ake cewa a dubi dunduniyarta. Matar kulle, al'adar da ita ma Rumfa aka jingina wa fara ta a Kano, ƙafarta ce ke ba da shaidar cewa mijinta ya ɗauke mata fita. Ashe ke nan tun kafin mu ga takalmin Turawa, dunduniyar mace ta riga ta zama wurin da muke karanta ko tana tafiyar ƙasa ko ba ta yi.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ta daɗe tsaye a gaban takalmi mai tsini. Mu mutane ne masu tuɓe takalmi. Ana tuɓewa a ƙofar ɗaki, a ƙofar masallaci, a gaban surukai da malamai, a da har idan talaka zai gitta ta gaban basarake, abin da 'yan NEPU suka yi ta yaƙi da shi a shekarun 1950. Gaisuwar mace durƙuso ce, zamanta kuma a kan tabarma ne. Takalmin da za a tuɓe sau 10 a wuni dole ya zama mai sauƙin zurawa, wanda aka bari a bakin ƙofa kuwa ba ya yi wa mai shi ado a cikin taro. Shi mai tsini yana son wurin da ake shiga da takalmi, a zauna a kujera, a gaisa a tsaye. Irin wannan wuri bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai da boko da aikin ofis suka zo.

Shi kansa tsinin da muka sani a yau ba tsoho ba ne. Icce ba ya iya yin siriri ƙwarai ya ɗauki nauyin mutum ba tare da ya karye ba. Sai a farkon shekarun 1950, da aka shiga dasa siririn ƙarfe a cikin dunduniyar, sannan aka sami tsini kamar na kibiya, kuma masu ɗinkin takalma irin su Roger Vivier, wanda ya yi wa kamfanin Dior na Faransa aiki, da Salvatore Ferragamo na Italiya, su ne ake yawan jingina wa wannan yayi. Sunan da suka ba shi ma na wata siririyar wuƙa ne ta Italiyawa. Macen da nauyinta bai wuce kilo 60 ba, idan ta ɗora shi a kan tsinin da faɗinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, tana iya lotsa daɓen katako ko na leda. Wannan ya sa wasu gine-gine a Turai suka hana shiga da shi, har ƙasar Girka ta hana shi a wuraren tarihinta a 2009. Abin da ke lotsa katako, ina ga ƙasar da ruwa ya jiƙa?

A wannan zamanin ne ya shigo mana, ta kantunan Turawa irin su Kingsway da Bata, da mujallu masu hotuna irin su Drum, da kuma silima. Waɗanda suka fara hawansa su ne matan Sabon Gari, da 'yan ƙalilan ɗin 'ya'yanmu da suka yi boko suka zama malaman makaranta ko ma'aikatan asibiti ko masu buga tafireta. In muka tuna cewa makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai a 1930 aka buɗe su, za mu san ba su da yawa. Jama'a ba su karɓe shi hannu biyu-biyu ba. Ƙarar takun da ke sanar da zuwan mace tun kafin a gan ta ta saɓa wa kunyar da aka san 'yar Hausa da ita. Malamai kuma suka kawo ayar Suratun Nur da ta hana mata buga ƙafa don a san adon da suke ɓoyewa, da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da wata gajerar mace daga Bani Isra'ila da ta yi wa kanta ƙafafun icce don ta yi daidai da dogaye. An daɗe ƙwas-ƙwas yana takalmin 'yar boko da matar bariki, kuma kowa ya san wannan suna na biyu ba yabo ba ne.

Kuɗin mai ne suka wanke shi. Bayan yaƙin basasa, da farashin ɗanyen mai ya tashi a 1973, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji da ariyas a 1975, ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, babba ya sayi mota, kayan ƙasashen waje suka cika kantuna. Yayin lokacin shi ne takalmi mai kauri tun daga gaba har baya, kuma abin dariya, samari ma sun hau shi, tare da wando mai faɗin ƙafa da tara suma. Wato takalmin ya ɗan koma hannun masu shi na asali, sai dai wannan karon babu doki. Wanda ya duba hotunan shekarun bikin FESTAC na 1977 zai ga iyayenmu maza a kan tudun da yau za su yi wa 'ya'yansu mata faɗa a kansa.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takalmin Italiya ya fi ƙarfin mai albashi, aka koma gwanjo da ɗinkin Aba. A daidai wannan lokaci hijabi ya shiga yaɗuwa, musamman ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure da suka yawaita bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Mai hasashe a lokacin zai iya cewa ƙarshen mai tsini ya zo. Sai ga shi ya sami mafaka a inda ba a zata ba, wato cikin akwatin lefe. Takalmi da jaka mahaɗinsa suka zama dole, saiti-saiti, dangin amarya suna ƙirga su kamar yadda suke ƙirga turamen atamfa da leshi. Littattafan soyayya na kasuwar Kano, da finafinan da suka biyo bayansu a shekarun 1990, sun ba da tasu gudummawar, domin da wuya marubuciya ta gama siffanta kwalliyar tauraruwarta ba ta sauko kan takalminta ba. Daga baya, da zirga-zirgar Jidda da Dubai ta buɗe, abaya ta zo, ita kuwa doguwa ce mai jan ƙasa, tana son abin da zai ɗaga ta. Suturar da aka zaci za ta kore shi ita ce ta ba shi aiki. Al'adar tuɓewa ma ba ta tafi a banza ba, don wanda ya fi karɓuwa a wurin matanmu shi ne mai buɗaɗɗen baya, wanda za a iya zarewa a bakin ƙofa ba tare da an sunkuya ba.

Yanzu sai mu koma Gwarinpa, domin a nan ne ake iya ganin inda labarin ya tsaya. Ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, mutanen da matansu suka shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, suna ratsa duwatsu da doya da itace. Dokar soja mai lamba 6 ta 3 ga Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, ita ce ta yanke wannan yanki ta mai da shi Babban Birnin Tarayya, gwamnati kuma ta taso daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamban 1991. Dubban ma'aikata suka biyo ta ba tare da isassun gidaje ba. A cikin wannan matsi ne aka shiga gina rukunin gidajen Gwarinpa a zamanin Janar Sani Abacha (1993–1998), a ƙarƙashin Hukumar Gidaje ta Tarayya, rukunin da ake yawan cewa babu mai girmansa a Nijeriya. An tsaga shi da manyan tituna masu lamba, an kuma jingina shi da babbar hanyar Kubwa, wadda ke kwasar ma'aikata zuwa tsakiyar birni da safe ta dawo da su da yamma.

Abin lura shi ne, Abuja gari ne da aka zana don mai mota. Tsakanin gida da ofis, ko tsakanin ofis da kasuwar Wuse, tafiya ce ta kilomitoci a kan titi mai faɗi, saɓanin cikin birnin Kano ko Zariya inda mace za ta bi lungu ta je gidan suna ta dawo da ƙafa. Matar babban ma'aikaci a Gwarinpa, ko wadda ita ce babbar ma'aikaciyar, tana fitowa daga ɗaki mai tayil, ta shiga mota a cikin gida, ta sauka a ƙofar sakatariya ko banki, ta taka wani tayil ɗin. Mota ta zame mata abin da doki ya zame wa barden Farisa. Shi ya sa a shekarun 2000 takalmi mai tsini ya ci kasuwarsa a wannan gari yadda bai taɓa ci ba a tsofaffin biranenmu. Bankuna da kamfanonin wayar salula da suka zo daga 2001 sun ɗauki 'yan mata da yawa aiki, kuma a wurare da dama kwat da takalmi mai tsini suna cikin abin da ake sa ran gani a jikin ma'aikaciya, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Amma ba kowace mace a Gwarinpa ke da mota ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu maganar yayi suke tsallakewa. Gidajen da ke bakin manyan titunan an mai da da yawansu kantuna da asibitoci da makarantu da wuraren cin abinci, masu aiki a cikinsu kuwa daga Kubwa da Dutsen Alhaji da Dei-Dei da Zuba har Suleja suke zuwa. A 2006, zamanin minista Nasiru el-Rufa'i, an hana acaɓa a cikin birni, abin da ya ƙara wa marasa mota tafiyar ƙafa. Yarinyar da za ta sauka daga motar haya a bakin babbar hanya, ta hau gadar masu tafiya da ƙafa, ta yi rububin Keke NAPEP, ta tsallake kwata da damina, ba ta buƙaci kowa ya koya mata dabarar da ta zama ruwan dare ba: silifas a ƙafa, mai tsini a cikin jaka ko a ƙarƙashin teburin ofis. Matan birnin New York ma haka suka yi lokacin yajin aikin ma'aikatan sufuri na 1980. Tun daga nan takalmin ya fara barin titi, tun ma kafin kowa ya ce yayinsa ya wuce.

A ƙasashen da suka ƙago yayin ma an fara gajiya. A 2015 an mai da wata ma'aikaciyar karɓar baƙi a Landan, Nicola Thorp, gida ba tare da an biya ta ba saboda ta ƙi sa mai tsini. Takardar koken da ta buɗe ta sami sa hannun mutum fiye da 150,000, har majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun a 2017. A wannan shekarar ce lardin British Columbia na Kanada da ƙasar Filifin suka hana masu ɗaukar aiki tilasta wa mata shi, a Japan kuma Yumi Ishikawa ta tayar da irin wannan ƙura a 2019. Alƙaluman kamfanin NPD mai bin diddigin ciniki sun nuna cewa a Amurka cinikin takalmi mai tsini ya ragu da kashi 12 cikin 100 a 2017, na kambas ɗin mata kuwa ya ƙaru da kashi 37. Sai annobar korona ta zo, aka rufe Abuja daga 30 ga Maris 2020, mata suka yi makonni a gida da silifas, ƙafa ta ɗanɗani hutu, kuma da aka buɗe ba kowace ce ta yarda ta sake hawa ba.

Duk da haka, a namu ganin, abin da ya fi korona tasiri a Gwarinpa shi ne man fetur. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024. Mutane da yawa suka jingine motocinsu suka koma haya, masu shiga haya kuma suka koma rage zango da ƙafa. Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati zuwa fiye da 1,500 a 2024, takalman da ake sarowa daga Guangzhou da Dubai da Istanbul suka ninka kuɗi. Macen da albashinta zai saya mata takalmi ƙafa ɗaya tak a shekara, za ta zaɓi wanda zai kai ta aiki, ya kai ta kasuwa, ya kuma kai ta asibiti in yaro ya kwana da zazzaɓi. Ba kuma za mu ɗora wa talauci komai ba. 'Yan mata masu tasowa sun sami kambas, suna sa shi da abaya da doguwar riga ba tare da jin sun rage ado ba, abin da a shekarun 1990 za a ce shigar 'yan guje-guje ce. Farin kambas mai suna yana iya fin mai tsini tsada, kuma shi ma yana da nasa gorin, domin fari ba ya zama fari a ƙafar mai ratsa jar ƙasa.

To, ina masu cewa a je zauren biki? Su ma suna da gaskiya, dalilin kuwa shi ne bikin ne ya tashi daga inda yake. A da kamu da sa lalle da wuni a tsakar gida ake yin su, a kan tabarmi, takalma jibge a bakin ƙofa har wata ta tafi da na wata. Yau a Abuja, da ma Kano da Kaduna, masu hali sun kwashe su sun kai zauren haya mai kujeru da daɓe mai sheƙi, an ƙara da dina, ana shiga da takalmi, amarya da ƙawayenta suna shigowa a jere da anko ana ɗaukar su hoto. Tela yana auna tsawon rigar amarya ne da takalmin da za ta sa, shi ya sa ake ce mata ta zo gwaji da shi. In ta sauka daga kansa riga ta share ƙasa. Hoton kuma a daren zai hau Instagram, inda dillalan takalman suke da shagunansu, wata ta gani ta ce irinsa take so. Wato duk sharuɗɗan da takalmin ke nema, mota har bakin ƙofa, daɓe mai kyau, kujera, da idon jama'a, sun taru a wuri ɗaya na tsawon awa 4 ko 5. Ko a nan ɗin ma mai lura zai ga ana kaiwa tsakiyar rawa an fara tuɓewa, har wasu masu bikin sukan raba silifas cikin kayan tsaraba.

Mu dai ba mu ga abin baƙin ciki a wannan ja da baya ba. Likitocin ƙashi sun daɗe suna bayani cewa idan dunduniya ta ɗagu, nauyin jiki yana komawa kan gaban tafin ƙafa da yatsu, gwiwa da ƙugu su ɗauki abin da ba nasu ba, agara ta ɗaure idan aka daɗe ana sawa, ga kuma targaɗe yana jira a bakin kowane rami. Macen da ta zaɓi ta sha wannan na 'yan awoyi ranar bikin ƙanwarta, ita ta so, kuma babu mai hana ta yangarta. Wadda ke tsaye tun safe har magariba a bayan kanta ko a ƙofar otal, saboda mai wurin yana ganin hakan ne wayewa, ita ce ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su waiwaya. Haka nan abin dubawa ne a ce saurayi yana cin bashi don ya jera takalma saiti-saiti a akwati, alhali rabinsu a cikin kwali za su tsufa, robar da aka yi su da ita ta bushe ta ɗaye, ba a sa su sau 3 ba.

Akwai wasu mutane da suka fi kowa sanin halin da takalmi mai tsini yake ciki a Gwarinpa, ko da yake ba a tambayarsu. Su ne samarin nan masu gyaran takalmi da ke zaga layuka da ɗan akwatinsu suna ƙwanƙwasa shi, da yawansu 'yan ci-rani daga Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, wato daga ƙasar dukawan da Barth ya tarar. Su ne ke cire 'yar robar da ke bakin tsini idan ta cinye har ƙarfe ya fito, su yanka wata su buga, su liƙe fatar da ta ɗaye, su ɗinke maɗaurin da ya tsinke. Tunda tsadar sabo ta sa mata suna komawa ga tsofaffin na lefe, ba abin mamaki ba ne a ga aikin ya taru musu gab da ranakun biki. Su kansu a kan silifas ɗin roba suke, irin wanda masana'antun Sharaɗa da Bompai ke bugawa, suna cin kilomitoci a wuni daga wannan titi zuwa wancan, in la'asar ta yi su ajiye akwati su tuɓe shi a bakin masallaci.